Sharaɗin da Abba ya kafa wa tsohuwar da ta koya mini zane

Ni haifaffiyar Fagge ce, amma a ƙasar Sin na yi wayo. Mahaifina ɗan Kantin Kwari ne, yana cikin waɗanda suka juya akalar saro daga Dubai zuwa birnin Guangzhou, wanda mutanenmu ke ce wa Gwanzu. Da fari zuwa yake yi ya dawo. Da harka ta buɗe, abokan kasuwanci suka riƙa turo masa kuɗi ya saya musu kaya ya loda a kwantena, sai ya ga zaman can ya fi masa sauƙi. Ya kama haya a unguwar Xiaobei, ya aiko aka kai mu, ni da Umma da ƙanena, a 2004. Ina da shekara bakwai.

Wanda ya san Xiaobei ta wancan lokaci ya san baƙar fata ba abin kallo ba ne a can. A ginin Tianxiu kaɗai za ka ji Faransanci da Bambaranci da Hausa da Larabci kafin lifta ta kai ka hawa na biyar. Sai dai wannan duk duniyar maza ce. Mata da yara kuwa, bene ne gidanmu, bene ne unguwarmu. Umma ba ta jin yaren, ba ta fita sai da Abba. Ni aka sa a firamaren unguwa, kafin shekara ta zagayo bakina ya buɗe da Sinanci, na zama tafintar gida. Mai gyaran famfo ya zo, a kira ni. Mai gida ya zo karɓar haya, a kira ni. Har asibiti ni nake raka Umma.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai. Ta yi ritaya daga masana'antar tangaran, inda ta ƙare ƙuruciyarta tana zana furanni da tsuntsaye a jikin farantai da butocin shayin da ake fitarwa ƙasashen waje. Ranar Asabar takan tara yaran maƙwabta a falonta tana koya musu zane da buroshi da tawada. Saboda zafi ba ta rufe ƙofar katako, sai ta ƙarfe mai raga, ni kuwa duk aiken da aka yi mini sai na tsaya a nan ina leƙe. Ran nan ta buɗe ta ce ko in shigo ko in wuce, tsayuwata tana tare mata iska. Na shiga. Laoshi muke kiran ta, wato malama, kuma haka zan ci gaba da kiran ta a nan.

Abin da na koma gida da shi ranar ɗan tsako ne. Ɗigo biyu na tawada mai ruwa-ruwa, babba da ƙarami, sai baki da ƙafafu da ido da baƙar tawada. Umma ta yi dariya ta manna shi a jikin firji. Abba ya dawo bayan isha'i, ya tsaya ya dube shi, bai ce uffan ba. Washegari ya sa shaddarsa da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ce, “Taso ki raka ni wajen malamar nan taki.”

Ta ba shi kujera, ta zuba masa shayi a ɗan ƙaramin kofi. Ya ce in gaishe ta, in ce mata sun gode da karamcin da take yi wa 'yarsu. Na faɗa. Sannan ya ce, “Ki gaya mata, mu ba ma son yaro ya saba da zana abu mai rai. Mutum, dabba, tsuntsu, kifi, duk a bar su. In da abin da za ta koya miki ban da waɗannan, na yarda. In babu, mun gode.”

Ina fassarawa muryata tana rawa, don na riga na sa a raina shi ke nan an gama. Laoshi ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Fara fa? Malam-buɗe-littafi fa?” Abba ya ce su ma. Ta ce, “To ai bishiya ma tana da rai. Tana sha, tana girma, tana mutuwa.” Nan Abba ya yi murmushi, ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ba ta labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da zane yake ci, sahabin ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da ruhi. Allah kaɗai ya san yadda 'yar shekara takwas ta juya wannan zuwa Sinanci. Tsohuwar ta yi shiru, ta ƙara masa shayi, sannan ta dube ni ta ce, “Ki ce wa babanki na yarda. Ki kuma ce masa ya ɗauke miki mai sauƙin, ya bar ki da mai wuyar.”

Sai daga baya na gane abin da take nufi. Yaran Sinawa da 'yan tsaki ake fara musu, da talibambam, da jan kifi, da jatan lande, saboda ɗigo uku ko huɗu yaro ya ga abu ya fito, ya ji daɗi, ya dawo mako mai zuwa. Kusan duk ajin yara za ka tarar an manna kwafin jatan landen Qi Baishi, tsohon nan ɗan lardin Hunan da ya fara rayuwa a matsayin kafinta, ya rasu a 1957 yana mai zanen da ƙasar ta fi alfahari da shi. Ni an rufe mini wannan ƙofa tun ranar farko. Abin da ya rage mini shi ne gora, da wata ciyawa mai dogon ganye da suke kira lan, da furen mei mai fitowa cikin sanyi, da furen ju na kaka. Waɗannan huɗun suna ce musu dattawa huɗu. Akwai maganar da masu zanensu ke yi, wai gora rabin rayuwa take ci, lan kuwa rayuwar gaba ɗaya.

Umma ma ta kawo nata sharaɗin. Ta ji an ce ana sa gashin alade a wasu burusan, kuma ba ƙarya ba ne, akan cakuɗa shi don ya ƙara wa buroshi tauri. Don haka Laoshi da kanta ta raka mu titin Wende, inda shagunan takarda da tawada da masu naɗe zane suke jere. Ta sa mai shago ya fito da na gashin akuya zalla, fari mai laushi, da wani mai ruwan ƙasa na jelar wata 'yar dabba mai kama da tunku. Ta jiƙa na akuyar a ruwa, ta yarfe, ta nuna mini yadda bakinsa ke komawa tsini ɗaya. In bai koma ba, ta ce, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa.

Abba ɗan kasuwa ne, komai sai ya tambayi farashi. Da aka gaya masa kuɗin wani dutsen niƙa tawada na Duan, wanda ake haƙowa a Zhaoqing nan kusa da Gwanzu, sai da ya sa na sake tambaya, ya lissafa ya ga ya fi kuɗin dilar atamfa. Ya sayi mafi arha a shagon. Sannan ya ɗauki sandar tawada, baƙa wuluk, mai tauri kamar dutse, ya sansana, ya ce in tambaya da me ake yin ta. Mai shago ya ce kunkunniyar hayaƙi ce, na itace ko na mai, a kwaɓa da danƙon fatar shanu, a kirɓa, a zuba a ma'auni, a shanya ta wata da watanni. Abba ya juyo ya ce, “Ashe tawadar allo ce. Mu baƙin tukunya da ƙaro, su baƙin hayaƙi da danƙo.” Ina jin daga wannan rana hankalinsa ya kwanta da abin. Umma kuma ta ƙara doka ɗaya: kada ta kuskura ta ga na sa bakin buroshi a leɓena don in daidaita tsininsa, kamar yadda ta ga sauran yaran suna yi.

Kowace Asabar da niƙa ake farawa. A ɗiga ruwa kaɗan a kan dutse, a riƙe sandar a tsaye, a riƙa juya ta a hankali ba tare da dannawa ba, har ruwan ya yi kauri ya fara sheƙi. In an gama a goge gindin sandar, in ba haka ba ta tsattsage. Akwai tawadar kwalba a kowane shago, mai arha, sauran yaran ma da ita suke aiki a gidajensu, amma a falon Laoshi ba ta shiga. Cewa take yaron da ya shigo da gudu daga wasa hannunsa bai dawo jikinsa ba tukuna, niƙan ne ke dawo da shi. Daga wannan baƙin guda ɗaya ake fitar da kala biyar ta hanyar ƙara ruwa a ɗan faranti, tun daga baƙi ƙirin mai kama da ƙonanne har zuwa wanda da ƙyar za ka bambanta shi da ruwa.

Watannin farko ban zana komai ba sai layi. Buroshi a tsaye cak, gwiwar hannu a sama ba ta taɓa tebur, a ja daga hagu zuwa dama, a ja daga sama zuwa ƙasa, a kan wata takarda rawaya mai arha da ake yi da gora. Ta kan zo ta bayana ta fizgi buroshin ba zato. In ya fita, riƙona ya yi sako-sako. In kuma ta ga yatsuna sun yi fari don matsewa, ta ɗan buge su da bayan nata buroshin. Daga nan aka shiga ganyen lan: na farko dogo mai lanƙwasa, na biyu ya gitta shi su bar ɗan fili mai siffar ido a tsakani, na uku ya ratsa idon. A cikin jan ganye ɗaya sai ka danna, ka ɗaga, ka sake dannawa, don ya fito da faɗi a nan, siriri a can, kamar iska ta murɗa shi. Na cika kwandon shararta da wannan ganye uku.

Gora ce ta zama tawa. Ana jiƙa buroshin gaba ɗaya da tawada mai haske, a taɓa gefe da gefensa a mai duhu, sannan a fara daga ƙasa a yi sama. A danna, a ja, a tsaya, a ɗaga. A bar ɗan tazara, a sake dannawa. Kowane ja gaɓa ɗaya ce, na gindi gajeru, na tsakiya dogaye, na sama su sake gajarta. Saboda yadda aka ɗebi tawadar, gefunan sandar gorar sai su fito da duhu, tsakiya da haske, ka ga gora ta yi kumburi kamar ka kama. Kafin ta bushe a sa ƙullin gaɓa da baƙar tawada. Ganye kuma da sauri ake yin sa, a sauke tsini, a danna ciki, a fizge. Wanda ya yi jinkiri ganyensa ya fito kamar yatsan rogo. Takardar gaske, wadda suke kira xuan, da ɓawon wani itace da karan shinkafa ake yin ta a gundumar Jing ta lardin Anhui. Manyan irinta biyu ne: wadda aka shafa wa alif, tana riƙe tawada a inda aka sa ta, da ɗanya, wadda ke shanye ruwa nan take ta baza shi. A kan ɗanyar ake gora. Ba gogewa, ba maimaitawa, in ka koma kan layi sau biyu ko yaro zai gani.

Ba na son in ba ku labarin kamar kullum cikin daɗi nake. Akwai shekarun da na tsani Asabar. Yaran da muka fara tare suna ta zana panda da damisa da launuka masu ɗaukar ido, ana kai nasu gasar makaranta suna dawowa da takardar yabo, ni ina gefe da baƙi da fari kamar mai takaba. Kuma ba a bar ni in ƙirƙiri nawa ba. Akwai wani tsohon littafin koyon zane da ake kira Jieziyuan, wanda aka fara bugawa a 1679, an jera komai a ciki dalla-dalla: ga yadda ake ganye biyu, ga uku, ga biyar, ga gora cikin iska, ga ta cikin ruwan sama. Laoshi ta ce da shi Qi Baishi ya koya wa kansa zane yana kafinta. Shafi ɗaya sai in yi wata ina kwafa. Na taɓa kai ƙara wajen Abba cewa kwaikwayo kawai ake sa ni. Ya ce, “Ke da kika yi wata biyu a Tabbat yada, wa kika kai wa ƙara?” Maganar ta mutu a nan.

Yau idan na ji masu cewa kwafa tana kashe basirar yaro, nakan yi shiru ne kawai don ban son musu. Sinawa sun sa kwafar aikin magabata cikin ƙa'idoji shida na zane tun ƙarni na 6, lokacin Xie He da ya tsara su, kuma ba su rasa masu basira ba. Abin da na gani a kaina shi ne, sai da hannuna ya haddace ganyen littafi sannan idona ya fara ganin na gaske. Wata Asabar Laoshi ta ce kada a niƙa tawada, ta ɗauke mu zuwa lambun Yuexiu, ta zaunar da ni gaban wani kurmin gora ta ce in duba. Na ce me zan duba? Ta ce in gaya mata daga ina reshe ke fitowa. A karon farko na lura ba ko'ina yake fitowa ba, daga ƙullin gaɓa ne, wannan ta dama, na sama da shi ta hagu. Na shekara biyu ina zana haka ban san dalili ba. A hanyar dawowa ta ba mu labarin Wen Tong, gwanin zanen gora na zamanin daular Song, wanda abokinsa marubuci Su Shi ya ce kafin ya ɗauki buroshi gorar ta riga ta gama tsirowa a ƙirjinsa.

Da na kai shekara goma sha biyu ta shigar da ni zanen duwatsu da ruwa, wanda a wajensu shi ne babban fanni. Nan aka sake cin karo da sharaɗin Abba, don kusan kowane irin wannan zane akwai ɗan mitsitsin mutum a ciki, ko a kan gada da sanda, ko a kwalekwale yana kamun kifi. Na ce mata ai ba shi da fuska, ba wanda zai lura. Ta ce ita ta yi wa babana alkawari, ba ni ta yi wa ba. Ta jawo wani littafin hotuna ta buɗe mini aikin Ni Zan, mutumin Wuxi da ya rayu daga 1301 zuwa 1374. Attajiri ne da ya rabu da dukiyarsa ya koma yawo a kwalekwale a yankin tafkin Tai. Zanensa kusan kullum abu ɗaya ne: 'yan bishiyoyi a gaba, fili fetal na ruwa wanda ba a taɓa shi da tawada ba, duwatsu can nesa, sai rumfa guda ba kowa a cikinta. “Ga malaminki,” in ji ta. “Shi ba wanda ya hana shi, shi ya ga dama.” Daga nan kwalekwalena ya zama a ɗaure bakin gaɓa, gadata ba mai tsallakawa.

Na daɗe ina tunanin wannan mata. Ba ta da addini, iyakar abin da na gani takan kunna turaren tsinke gaban hoton mijinta. Ba ta taɓa nuna ta fahimci dalilin Abba ba, kuma na tabbata a ranta tana ganin asara ce, don tsuntsu shi ne gwanintarta, da shi ta ci abinci. Amma tsawon zamanmu ko sau ɗaya ba ta ce in gwada a ɓoye ba. In tana koya wa sauran yara tsuntsu, sai ta ba ni reshen da zai sauka a kai ta ce in yi mata shi da kyau. Da azumi takan matsar da darasina zuwa safiya, kuma ba ta shan shayinta a gabana. Umma kuma duk sallah sai ta aika mata da cincin da soyayyen nama, ita kuma da sabuwar shekararsu ta aiko da lemo da jar ambulan ɗauke da 'yan kuɗi, ni da ƙanena.

Shi ma Abba ya sassauto ta inda ban zata ba. Wata Juma'a ya dawo daga masallacin Huaisheng, tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiya, ya ce ya ga Bismillah da Musulmin Sin suka rubuta da irin buroshina, harufan sun yi kauri sun yi siriri kamar ganyen da nake yi. Ya ce in gwada. Na gwada, ba ta yi kyau ba, amma ya ɗauka ya kai ofis.

Abokin gabar mai zane a Gwanzu shi ne laima. Wajen watan Maris akwai kwanakin da bango ke zufa, madubi ya yi hazo, tayil ya jiƙe kamar an yi wanki. Takarda ta yi lagwab, tawada ta ƙi bushewa, ka zana ganye ka juya ka tarar ya zama gajimare. In ka ajiye buroshi a jiƙe, fumfuna ta ci gindinsa gashin ya zube. A irin wannan lokaci ne kuma wata bishiya dangin rimi ke fitar da jan fure manya-manya tun ba ta yi ganye ba, ita ce furen birnin. Tsofaffi na tsintar waɗanda suka faɗo su shanya don dafa shayin magani. Ita ce abu na farko da Laoshi ta bar ni na sa wa launi, kuma a kanta ta koya mini dabarar masu zanen kudu: ka shafa ja, tun bai bushe ba ka ɗiga ruwa tsabtatacce a tsakiya, ruwan ya tura launin gefe, furen ya fito da baki-baki kamar na gaske. Ta ce dabarar Ju Lian ce, wani mai zane na zamanin da, kuma gidansa yana nan a tsallaken kogi.

Daga 2008, shekarar wasannin Olamfik na Beijing, biza ta fara wuya. Maƙwabtanmu da yawa suka tattara suka tafi. Abba ya yi ta sabuntawa da ƙyar har 2012, sannan ya ce ya isa, ga shi kuma na girma, Hajiya kakata tana ta aike cewa kada a bar yarinya ta zama Basiniya. Kafin mu taso Laoshi ta zaɓi gora ɗaya cikin nawa ta kai titin Wende. Na tsaya na ga yadda ake yi: a kifa zanen, a fesa masa ruwa, a shafa kullun fulawa mai ruwa-ruwa, a ɗora wata takardar a baya, a manna a allo ya bushe. Zanen da ya shiga a yamutse ya fito sumul, tawada mai hasken da ta ɓace ta dawo. Ta sa aka sassaƙa mini hatimin dutse da sunana, na danna shi da jan tawada a kusurwa. Na zaci ranar za ta yabe ni. Cewa ta yi gorata ta fara tsayuwa da ƙafarta, lan kuwa da saura, kuma in na bari hannuna ya kwana wata guda ba aiki, kada in ce ita ta koya mini.

A Kano abin ya zama abin dariya. 'Yan uwa su zo su ɗaga zanen su juya shi, su ce, “Yaushe za ki ƙarasa?” saboda rabin takardar fari ne. Wata gwaggona ta ce shekara takwas a Chaina, ba a koyo ɗinki ba, ba a koyo haɗa waya ba, sai zanen kara. Hajiya ce kaɗai ta zauna ta kalli yadda nake niƙa tawada, ta ce ko ba komai yarinyar ta iya zama wuri ɗaya. Yanayi ma ya juya mini baya. Can laima, nan hunturu: kafin in kai gaɓa ta uku buroshi ya bushe, layi ya fito a tsattsage, tawadar kan dutse ta yi ɓawo. Sai na koma aiki da asuba, da kwanon ruwa a gefe, ina ƙara wa buroshi ruwa fiye da yadda aka koya mini.

A jami'a ne na ji cewa malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, kuma a mazhabar Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai inuwa, zanen kan takarda hukuncinsa bai kai nan ba. Na kawo wa Abba maganar. Ya ce ya sani tun a wancan lokaci, shi dai ya zaɓar wa gidansa abin da ya fi natsuwa da shi ne, yanzu kuwa na girma, tsakanina da Ubangijina. Ban ji haushinsa ba, har yau ban ji ba. Na gwada ɗan tsako sau ɗaya don in gani. Ya fito kamar na ranar farko, ko ma bai kai shi ba, don hannun da ya saba da gaɓa da ganye bai san ta inda zai fara zagaye ba. Ban sake ba, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba.

Yanzu aikin tafinta nake yi tsakanin 'yan kasuwarmu da Sinawa, da shi nake ci. Zane bai taɓa kawo mini abin kirki ba, mafi yawan masu tambaya hoton saurayi ko na amarya suke so, in na ce ban iya ba su ɗauka rowa ce. Takarda da tawada ƙanena ke saƙo mini cikin kaya in zai yi lodi. Laoshi ta tsufa ƙwarai, ɗanta ya ɗauke ta ya mayar gidansa. Shi nake tura wa hoton abin da na yi ta WeChat, ya nuna mata, ya rubuto mini abin da ta ce, kuma har yanzu gyara ne.

Ita ce ma ta tambaya, wai a garinku babu tsiro ne, kullum sai gorar Gwanzu? Daga nan na koma gonar Hajiya. Karan dawa gaɓa-gaɓa ne, hannuna ya san shi tun kafin in fara, sai dai ganyensa ya fi tsawo kuma yana karyewa a tsakiya ya rataya, don haka da irin jan da ake wa ganyen lan nake yin sa. Gero ya zo da sauƙi, rake ma haka. Giginya ta ba ni wahala kafin na samo kanta. Ɗaya daga cikin dawar tana rataye a shagon Abba a Kwari, kuma Sinawan da ke shigowa sukan tsaya su tambayi wanda ya yi.

Kuka ce ta gagare ni. Ba ta cikin Jieziyuan, ba wani magabaci da ya bar mini yadda ake yin ta, gindinta ya fi ƙarfin ja ɗaya, in kuma na yi ja biyu sai ta koma tulu. Akwai wata babba a hanyar ƙauyen su Hajiya, duk zuwa sai na sa an tsaya na zagaya ta. Ta baya-bayan nan da na yi na kai wa Abba, ya sa tabarau, ya nisanta ta, ya matso da ita, ya ce, “Wannan dutse ne ko rumbu?” Na tura wa Laoshi ita ma. Amsar da ɗanta ya rubuto ita ce in rage ruwa, in fara daga saiwa, in turo wata.